Shin Kogi Yana Bin Zagaye? Tambayoyi da Amsoshi kan Gano Maimaituwar Cika da Janyewar Koguna

Duk wanda ya zauna kusa da kogi ya san lokacin cikarsa da lokacin janyewarsa. Abin da ke raba kan masana shi ne ko a ƙarƙashin wannan hawa da sauka na kowace shekara akwai wani mai tsawo, wanda ke kawo shekarun wadata a jere sannan ya biyo da shekarun ƙunci, kuma ko za a iya ƙirga shi har a ce ga shekarar da fari zai dawo. Matsayina a fili yake tun daga farko: zagayen shekara gaskiya ne, a gina a kansa. Mafi yawan dogayen zagayen da ake shelarwa kuwa ba sa jure gwaji, kuma mai tsara rabon ruwa da ya jingina da su zai iya jefa miliyoyin mutane cikin ƙishi.

Me ake nufi da zagaye a maganar ruwan kogi?

Hawa da saukar ruwa ne da ke dawowa bayan wani tsawon lokaci da ake iya ƙirgawa. Mafi ƙarfi shi ne na wata goma sha biyu, domin kewayen da duniya ke yi wa rana ne ke tura shi. Wasu koguna suna cika sau biyu a shekara. Kogin Kongo ya ƙetare layin Ikwaita sau biyu, rassansa na arewa da na kudu suna samun damina a lokuta dabam-dabam, shi ya sa a Kinshasa ake ganin babbar cika wajen Nuwamba da Disamba, ƙarama kuma wajen Afrilu da Mayu.

Akwai gajeru ma. Kogin da narkewar ƙanƙarar duwatsu ke ciyarwa yana hawa da rana ya sauka da dare. A bakin teku, tudun ruwa yana dawowa duk awa 12 da minti 25. A ƙasan madatsar da ke samar da lantarki ana ganin zagayen yini da na mako, tunda ana sakin ruwa ne daidai da buƙatar wuta. Duk waɗannan an san abin da ke haddasa su. Gardamar tana kan na shekara 7, 11, 18, 35 ko 60.

Me ya sa masu tsara ruwa suka damu da wannan?

Saboda madatsa da yarjejeniyar rabon ruwa suna daɗewa fiye da waɗanda suka sa musu hannu. A 1922 jihohi bakwai na Amurka suka raba ruwan Kogin Kolorado, aka ba yankin sama da yankin ƙasa kowanne kimanin kubik mita biliyan 9.25 a shekara, bisa zaton cewa kogin yana kawo kusan biliyan 20. A 1944 aka ƙara wa Meziko kason kusan biliyan 1.85. Alƙaluman da aka dogara da su na 'yan shekarun farkon ƙarni na 20 ne, waɗanda suka kasance cikin mafiya ruwa a ɗaruruwan shekaru. Da Stockton da Jacoby suka karanta tarihin kogin daga zoben itatuwa, wato zoben da kututture ke ƙarawa duk shekara, mai faɗi a shekarar ruwa, siriri a ta fari, a 1976, sai suka sami matsakaicin da bai kai biliyan 17 ba. Wato an raba abin da babu shi. A 2022 Tafkin Mead, babban ma'ajin ruwa da ke kan kogin, ya sauka zuwa matakin da ba a taɓa gani ba tun da aka cika shi a shekarun 1930.

Da a lokacin sun san cewa suna tsaye ne a kan tudun wadata, da lissafin ya sha bamban. Wannan shi ne ainihin amfanin wannan bincike: ka san ko shekarun da ka auna suna wakiltar halin kogin, ko kuwa wani yanki ne kawai na halinsa.

Waɗanne alƙaluma ake buƙata kafin a fara?

Jerin awon ruwa daga tasha ɗaya, a kan tazara ɗaya, na tsawon lokaci gwargwadon yadda za a samu. Abin da ake karantawa a sandar awo tsayin ruwa ne. Ana juya shi zuwa yawan kubik mita a daƙiƙa ta hanyar jadawalin da aka gina daga awon gudu da faɗin kogin. In yashi ya cike gindin kogin ko ambaliya ta zaizaye shi, jadawalin ya tashi daga aiki, kuma in ba a sabunta shi ba za a ga sauyi a takarda wanda babu shi a ruwa. Haka nan in an gina madatsa ko an fara jan ruwan ban ruwa a sama, dole a mayar wa jerin abin da aka ɗebe kafin a ce ana nazarin halin kogin na asali.

Dokoki biyu ne ba a tsallake su. Ta farko, ba a iya ganin zagayen da ya gaza ninki biyu na tazarar awo. Mai awon wata-wata ba zai ga abin da ya gaza wata biyu ba. Abin da ya fi muni, gajeren zagayen ba ya ɓacewa, shiga yake yi cikin rigar dogo. Wanda ke karanta sanda sau ɗaya kullum da ƙarfe bakwai na safe a bakin teku zai ga wani hawa da sauka na kusan kwana 15, alhali tudun ruwan awa 12 ne ya sake kama. Ta biyu, zagaye sai ya maimaitu sau da yawa a cikin jerin kafin a yi maganarsa. Awon shekara 50 bai ma ga zagayen shekara 30 sau biyu cikakku ba. Ni dai ba na karɓar zagayen da bai dawo sau biyar ko shida ba.

Ba za a iya zana alƙaluman a duba da ido kawai ba?

A zana, wannan shi ne matakin farko, kuma yana tona kurakuran rubutu da giɓin da lissafi zai haɗiye shiru. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan fage yana da rauni guda: yana son tsari, ko babu shi sai ya ƙirƙiro.

Abin ya fi tsanani idan an fara laushe jerin. Mutane da yawa suna ɗaukar matsakaicin kowace shekara biyar ko goma a jere don layin ya kwanta. A 1927 masanin ƙididdiga na Rasha Eugen Slutsky ya ɗauki lambobin da suka fito daga ƙuri'a, waɗanda babu wata alaƙa tsakaninsu, ya yi musu irin wannan laushi, sai ga igiyoyi masu hawa da sauka kamar an tsara su. Dalilin a bayyane yake: matsakaicin shekara goma na bana da na baɗi sun haɗa shekaru tara iri ɗaya, dole su yi kama. Saboda haka duk gwajin zagaye a kan ɗanyen jeri ake yin sa. Layin da aka laushe na nuna wa jama'a ne.

Wace hanya ce mafi sauƙi ta lissafi?

Auna alaƙar jerin da kansa. Ka rubuta alƙaluman a layi biyu, ka zame na ƙasa da shekara ɗaya, ka lissafa yadda suka dace, daga 1 zuwa -1. Ka sake zamewa da shekara biyu, uku, haka har gaba. In akwai zagayen shekara shida, alaƙar za ta faɗi ƙasa da sifili a zamewa ta uku, ta hau a ta shida, ta sake hawa a ta goma sha biyu.

Akwai ma'aunin gaggawa: a raba 2 da tushen murabba'in yawan shekarun. Jerin shekara 100 yana ba da 0.2, na shekara 25 yana ba da 0.4. Alaƙar da ba ta wuce wannan iyaka ba, dace ma zai iya kawo ta. In awon wata-wata ne, sai an cire zagayen shekara tukuna, wato a debe wa kowane Janairu matsakaicin dukan Janairu, haka sauran watanni. In ba haka ba, damina da rani za su rufe komai.

Mece ce hanyar Fourier da ake yawan ambata?

Joseph Fourier, Bafaranshe, ya nuna a aikinsa na 1822 kan yaɗuwar zafi cewa ana iya warware layi mai hawa da sauka zuwa igiyoyi santala-santala, kowace da tsawonta da ƙarfinta. Kamar mai kunnen kiɗa ne da ke jin taron ganguna ya ware sautin kowace. A 1898 Arthur Schuster ya mayar da wannan kayan aikin neman ɓoyayyen zagaye: a zana tsawon kowace igiya a kwance, ƙarfinta a tsaye, duk inda tudu ya tashi a nan ake zaton zagaye. Tun da Cooley da Tukey suka fito da hanyar lissafi mai sauri a 1965, kwamfuta na gama wannan cikin ƙiftawar ido.

Ɗanyen zanen Schuster yana da zigizagi ƙwarai, kuma ƙarin shekaru ba ya kwantar da shi, sai dai ya ƙara yawan tuddan. Welch a 1967 ya ba da shawarar a yanka jerin gida-gida a ɗauki matsakaici. Thomson a 1982 ya kawo hanyar leƙen jerin ta tagogi da yawa, wadda ta fi dacewa da gajerun jeri irin na koguna. Kowace ciniki ce: in ka sami zane mai natsuwa, ka rasa ikon bambanta zagaye biyu masu kusanci.

To yaya za a san tudun da ya bayyana na gaskiya ne?

Nan ne aikin yake, nan kuma rahotanni da yawa ke faɗuwa.

Tambaya ta farko: da me kake kwatanta tudun? Tsohon gwajin Fisher na 1929 yana kwatantawa da abin da ake kira farar hayaniya, wato jerin da bana ba ta san bara ba. Kogi ba haka yake ba. Ruwan da ya nutse ƙasa bara yana ɓulɓulowa bana, tafki da fadama suna riƙe ruwa su sake shi a hankali. Farin Nilu da ke fitowa daga Tafkin Biktoriya yana ɗauke da tasirin shekaru da dama da suka wuce. Irin wannan jeri ana kiransa jar hayaniya, kuma bisa ɗabi'arsa dogayen igiyoyi sun fi ƙarfi a cikinsa ko da babu zagayen komai. Wanda ya gwada kogi da farar hayaniya kusan kullum zai “gano” dogon zagaye.

Tambaya ta biyu: tuddai nawa ka leƙa? Iyakar kashi 95 cikin 100 da aka saba amfani da ita tana nufin gwaji ɗaya cikin ashirin zai tsallake ta bisa dace. Jerin shekara 100 yana ba da igiyoyi 50. Ke nan tudu biyu ko uku za su ƙetare layin a jerin da babu komai cikinsa.

Hanyar da na fi yarda da ita ba ta da wuyar fahimta. A sa kwamfuta ta ƙirƙiro jeri dubu na bogi, kowanne da tsawo, matsakaici, warwatsuwa (yadda shekaru ke nesanta da matsakaici) da alaƙar bana da bara daidai da na kogin, amma ba a dasa musu zagaye ba. A ɗauki tudu mafi tsayi daga kowanne. In tudun kogin bai fi na 950 daga cikinsu ba, babu labari. In ya fi, a raba jerin biyu, a ga ko zagayen yana rabin farko da rabin ƙarshe, da tsawo ɗaya kuma a kan lokaci ɗaya. Sannan a duba kogunan maƙwabta, a nemi abin da ke tura shi a sama ko a teku. Ruwa ba ya tsami banza. Zagayen da ba wanda zai iya faɗin mai tura shi, zato ne har yanzu.

Idan zagayen yana zuwa yana ɓacewa fa?

Fourier yana ɗauka cewa igiyar da ke farkon jeri tana nan har ƙarshe. Don magance wannan aka kawo hanyar 'yar igiya, wadda Jean Morlet, injiniyan binciken man fetur a Faransa, ya assasa a farkon shekarun 1980, Torrence da Compo kuma suka sauƙaƙa ta ga masu nazarin yanayi a 1998. Ana ɗaukar guntuwar igiya a bi da ita kan jerin daga farko zuwa ƙarshe, ana miƙa ta ana tsuke ta, sai a sami taswira mai launi: shekaru a kwance, tsawon zagaye a tsaye. Da ita aka ga cewa bugun El Nino, wato ɗumamar ruwan gabashin Tekun Fasifik da ke zuwa lokaci-lokaci, ya yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, ya yi sanyi tsakanin wajen 1920 da 1960, sannan ya dawo.

Taswirar tana da kyau a ido, kuma kyanta na ruɗarwa. Gefunanta biyu ba abin dogaro ba ne, domin igiyar tana leƙawa waje da jerin, kuma gefen dama, wato shekarun baya-bayan nan, shi ne wanda mai tsarawa ya fi so ya karanta. Sannan zagayen da ya yi shekara ashirin ya tafi yana bayyana abin da ya wuce, amma ba ya ba ka ranar da zai dawo.

Jerina yana da giɓi. Na cike shi?

Ƙaramin giɓi ana cike shi daga tashar da ke kusa, a kuma rubuta cewa an cike. Babban giɓi kada a ja masa layi miƙaƙƙe, don hakan yana ƙara wa dogayen igiyoyi ƙarfin ƙarya. Lomb a 1976 da Scargle a 1982, dukansu masu nazarin taurari, sun gina hanyar da ke aiki da awon da tazararsa ba daidai take ba. A kuma tambayi dalilin giɓin. In ambaliya ce ta tafi da sandar awo, to manyan shekarun ne suka ɓace, ba kowace shekara ba.

Mene ne bambancin zagaye, karkata da tsalle?

Karkata ita ce ruwa ya riƙa raguwa ko ƙaruwa a hankali zuwa gefe ɗaya. Ana gwada ta da gwajin Mann da Kendall, a auna gangarenta da hanyar Sen ta 1968. Tsalle shi ne matsakaici ya sauya farat ɗaya ya zauna a sabon matsayi, kuma gwajin Pettitt na 1979 yana nuna shekarar da abin ya faru. A gajeren jeri ukun nan suna shiga rigar juna: rabin dogon zagaye yana kama da karkata, tsalle biyu suna kama da zagaye.

Tafkin Biktoriya ya hau da kusan mita biyu da rabi tsakanin 1961 da 1964, ya ɗauki shekaru da yawa yana sauka. A Afirka ta Yamma, gwaje-gwajen tsalle a tashoshi da dama suna nuna wajen 1969 da 1970. Shekarun 1950 da farkon 1960 sun yi ruwa ƙwarai, sai fari ya sauka: Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980, kuma a Yunin 1985 Kogin Neja ya daina gudu a Yamai. Tashar Kulikoro a Mali tana da awo tun 1907, kuma a cikinsa ana ganin ƙunci wajen 1913, wani a farkon shekarun 1940, sai babban na 1970 da 1980. Wasu sun karanta zagayen kusan shekara talatin a nan. Sau uku ke nan kawai, da tsawo da zurfi mabambanta.

Wani abin lura daga yankin: wasu ƙananan kogunan Sahel, irin su Sirba da Nakambe, ruwansu ƙaruwa ya yi a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda ƙasa ta rasa ciyayi ta yi tauri, ruwa ya daina nutsewa. Kogi yana ba da labarin ƙasar da ya ratsa, ba na gajimare kaɗai ba.

Wane ne Hurst, kuma me ya haɗa aikinsa da Annabi Yusuf?

Harold Edwin Hurst Baturen Ingila ne da ya je Masar a 1906 ya shafe rayuwar aikinsa kan Kogin Nilu. Tambayarsa ta injiniya ce: wane girman ma'aji ake buƙata don a riƙa sakin ruwa daidai wa daida har shekara ɗari? Ya ci gajiyar abin da babu kogin da ke da irinsa, wato awon ma'aunin tsayin ruwa na tsibirin Roda a Alƙahira. Ginin da ke tsaye yanzu na shekarar 861 ne, alƙaluman kuwa sun faro tun 622. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ya riƙa tara rarar kowace shekara da giɓinta a kan matsakaici, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙololuwar tarin da ƙasansa, domin wannan tazara ita ce girman ma'ajin. Da shekaru ba su da alaƙa da juna, tazarar za ta girma daidai da tushen murabba'in yawan shekaru, wato ma'auni 0.5. A sakamakon da ya buga a 1951, bayan ya duba koguna, ruwan sama, zoben itatuwa da lakar gindin tafki, ya sami kusan 0.73. Ga ma'anarsa a aikace: na shekara ɗari, lissafin dace yana neman ma'ajin da ya ninka warwatsuwar shekara sau 12 da rabi, na Hurst yana neman kusan sau 17. Shekarun ruwa suna tafiya a ayari, na fari ma haka, kuma ayarin ya fi tsawon da dace zai bayar.

A 1968 Mandelbrot da Wallis suka raɗa wa wannan hali sunan Annabi Yusuf (AS), saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na tsanani. Muhimmin abin da suka nuna shi ne jeri mai irin wannan hali yana fitar da hawa da sauka masu kama da zagaye a kowane tsawo, ba tare da wani agogo a ciki ba. Wannan, a ganina, shi ne mafi girman darasin fannin. Ayarin fari gaskiya ne, lokacin isowarsa ne ba ya ƙirguwa. Babbar madatsar Aswan, da aka kammala a 1970, an gina ta bisa tunanin ajiyar shekaru masu yawa, kuma ta riƙe Masar cikin farin shekarun 1980 har ruwan Tafkin Nasir, wato ma'ajin madatsar, ya yi ƙasa ƙwarai a tsakiyar 1988, sai babbar cikar wannan shekara ta farfaɗo da shi.

Gaskiya ne tabon rana na shekara 11 yana juya koguna?

Zagayen tabon rana, wato baƙaƙen ɗigon da ke yawaita su ragu a fuskar rana, gaskiya ne. Tasirinsa a kan kogi shi ne ya kasa tabbata. A 1923 masanin yanayi C. E. P. Brooks ya nuna cewa tsayin Tafkin Biktoriya yana bin tabon rana ƙafa da ƙafa tun ƙarshen ƙarni na 19. Awon bai wuce zagaye biyu da ɗan kai ba, kuma a shekarun da suka biyo baya alaƙar ta wargaje. Haka zagayen shekara 35 da Eduard Brückner ya shelanta a 1890 ya yi tashe ya kwanta.

El Nino fa? Ba zagaye ba ne?

Shi ne mafi amfani cikin duk abin da ya wuce shekara, kuma an san injinsa: ɗumamar ruwan gabashin Tekun Fasifik da sauyin iskar da ke tafe da ita. Yana dawowa tsakanin shekara biyu zuwa bakwai, shi ya sa a zanen Fourier yake fitowa a matsayin faffaɗan tudu. Daga cikin manyansa akwai na 1982 zuwa 1983, 1997 zuwa 1998, da 2015 zuwa 2016. A shekarunsa Kogin Parana a Kudancin Amurka yakan cika, kogunan gabashin Ostireliya sukan ragu, Nilu ma yakan ragu, tunda kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Aswan daga tsaunukan Habasha yake. Elfatih Eltahir ya lissafa a 1996 cewa El Nino yana bayyana kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin ruwan Nilu daga shekara zuwa shekara. Kashi uku na wasu dalilai ne.

Ba a ƙirga shi da kalanda. Ana kallon zafin teku ne wata-wata, kuma hakan yana ba da gargaɗin 'yan watanni, wanda ya isa mai kula da madatsa ya rage sakin ruwa ko ya buɗe wa ambaliya wuri. Tekun Atilantika ma yana da jujjuyawar zafi mai ɗaukar shekara 60 zuwa 80, wadda ake dangantawa da ruwan Sahel, amma awon kayan aiki bai ga fiye da biyu ba, kuma masana na jayayya kan ko teku ce ke yin ta da kanta ko hayaƙin masana'antu da aman wutar duwatsu.

In an gama binciken, me ake yi da sakamakon?

Zagayen shekara yana shiga dokar sarrafa madatsa kai tsaye: a wane wata ruwa zai kai wane tsayi, yaushe za a bar wuri, yaushe za a riƙe. Girman ma'aji kuwa tun 1883 ake fitar da shi da hanyar Rippl, wadda ke tara shigowar ruwa ta kwatanta da buƙata. Rauninta shi ne ba ta san farin da ya fi wanda aka taɓa aunawa ba. Don haka tun aikin Thomas da Fiering na 1962 ake ƙirƙirar ɗaruruwan jerin gwaji masu halin kogin, a bi da madatsar cikin kowanne, a ƙirga sau nawa ta gaza. A nan ne binciken zagaye ke biyan kuɗinsa, domin in jerin gwajin bai ɗauki ayarin fari ba, madatsar za ta ci jarrabawa a kwamfuta ta faɗi a fili.

Akwai kuma gyaran amincewa da matsakaici. Shekarun da ke bin juna ba shaidu ne masu zaman kansu ba. In alaƙar bana da bara 0.5 ce, awon shekara 60 nauyinsa kamar na shekara 20 ne. Yarjejeniyar Masar da Sudan ta 1959 ta ɗauki matsakaicin kubik mita biliyan 84 na ruwan Nilu a shekara a Aswan ta raba shi da lamba tsayayya, 55.5 ga Masar da 18.5 ga Sudan, aka bar 10 ga tururi. Na fi ganin hikima a rabon da aka rubuta da kaso cikin ɗari, tare da matakan da kowa zai rage in ma'aji ya sauka zuwa tsayi kaza.

Sauyin yanayi bai rushe duk wannan lissafi ba?

Ya ƙara masa wuya. A 2008 Milly da abokan aikinsa suka rubuta a mujallar Science cewa zaton gobe za ta yi kama da jiya ya mutu a harkar ruwa. Zafi yana ƙara tururi, yana sa ƙanƙara narkewa da wuri, har zagayen shekara ma yana gusawa a kogunan tsaunuka. Amma jujjuyawar asali tana nan, ɗumamar ta hau kanta ne. Wanda bai san iyakar hawa da saukar koginsa na da ba, ba zai iya cewa abin da yake gani yanzu sabo ne ko tsoho ba.

Awona na shekara 25 ne kawai. Me zan yi?

Ka fitar da zagayen shekara da kyau, wannan awon ya ishe shi. Ka gwada alaƙarsa da El Nino. Kada ka nemi abin da ya wuce shekara huɗu ko biyar. Don sanin ko shekarunka na wadata ne ko na ƙunci, ka jingina su da dogon jeri mafi kusa: awon ruwan sama, wanda yawanci ya girmi na kogi, ko babban kogin yankin, ko zoben itatuwa inda aka yi wannan aiki. Cibiyar tattara awon kogunan duniya da ke Kobulenz a Jamus, ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana ba masu bincike jerin tashoshi dubbai, kuma manhajojin R da Python, waɗanda kyauta ne, suna da duk gwaje-gwajen da aka ambata a sama. Tauraron ɗan'adam yana auna tsayin manyan tafkuna da koguna tun farkon shekarun 1990, amma sai an daidaita shi da awon ƙasa, saboda haka tashar da kake da ita kada a bari ta rufe ko na damina ɗaya.